Ranar da Na Ba da Kilishin Hadiza

Ina 'yar shekara goma sha huɗu, na dawo gidanmu na Rillieux-la-Pape a Faransa daga lakwal, wato makaranta, ina ƙorafi kan darasin tarihi. Ban gane abin da ya sa Faransa da Ingila suka zuba ido 'yan Nazi na Jamus suna haɗiye maƙwabtansu ba.

Baba ya buɗe kilishin da aka kawo mishi daga Madawa, ƙamshin yaji ya cika ɗakin. Ya raba uku: nashi, nawa, da na ƙanwata Hadiza, wadda ta shiga wanka.

Ya ce, "Ni ne Jamus, ke ce Faransa. Yago mini gefen na Hadiza, ko mu gwabza. Daga shi na ƙoshi."

Na yaga na miƙa mishi ina dariya. Ya cinye, ya janye sauran nata, sannan ya kawo hannu kan nawa.

Na daka tsalle. "Baba, ka yi alkawari! Kai, na gane, wallahi na gane!"

Ya ce, "Da saura. Kin tambayi Hadiza kafin ki ba da nata?"

Sai ga Hadiza ta fito tana neman rabonta.

Har yau, in na ji an ce a bari don a zauna lafiya, sai in duba wa ba ya ɗakin.