Kirimayar Jikka Ɗari da Hamsin

Da hantsi motar ta shigo garajin Nomau a unguwar Kara-Kara, cikin birnin Damagaram, tana tangaɗi kamar mai jiri. Tsohuwa ce ke tuƙi, ita kaɗai. Ta taka birki dab da randar ruwa, ta fito tana gyara mayafi.

"Kai ne Nomau makanike? Daga Damagaram Takaya nake. Sitiyarin nan ya daina jin magana. In na juya dama sai ya yi shawara tukuna."

Nomau ya rusuna ya gaishe ta. Rabonsa da aikin kirki kwana tara. Ga Juma'a ta matso, ranar da Malam Safiyanu, mahaifin Zuliha, ya ce ya turo magabatansa da sadaki da kayan gaisuwa. In bai turo ba, akwai wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da ke ta zarya a layin da mota mai sanyi. Ko ya turo ma, in ji Malam, magana ba ta ƙare ba sai na gaba da shi sun ce to. Abin da Nomau ya tara kuwa bai kai rabi ba.

Ya girgiza sitiyarin, ya ji ƙwal-ƙwal daga ƙasa.

"Inna, wannan kamar kirimayar ce, ƙarfen nan mai haƙora da ke kai saƙon sitiyari ga ƙafafun gaba. Sabuwa da kuɗin aiki, sefa jikka ɗari da hamsin. Ta hannu tamanin, amma ba na rantse miki a kanta."

"Sa sabuwa."

Haka kawai. A Damagaram, inda ake ɓata rabin yini kan cinikin tumatir. Ta kwance bakin gyale, ta aje ƙullin kuɗi a kan benci, ta danne da dutse, ta zauna kusa da shi tana ɓare goro. Nomau ya ga kan yatsunta baƙi ƙirin, ya ce a ransa lallen mutanen ƙauye akwai kamu.

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar.

Kirimayar lafiyarta lau. Roba ba ta tsage ba, mai bai zubo ba, haƙori ko ɗaya bai cinye ba. Noti biyu ne kawai, masu riƙe ta da jikin mota, suka saki. Kawunansu na ƙyalli, babu tsatsa. Ramukan hanya, in ji shi, babu abin da ba sa kwancewa.

Ya kwanta shiru yana kallon notunan. Namiji mai neman aure, ai an san shi, ko a ƙarƙashin mota yake tunaninsa na ɗakin amarya. Aikin mai sauƙi ne: a cire ta, a wanke da fetur, a fesa baƙin fenti, a sa sabuwar roba, a mayar. Tsohuwar da ba ta san ciniki ba, ina za ta san ƙarfe? Da yamma kuɗin na aljihunsa, Juma'a ɗan duwan ya nemi wani layin.

"Kai ɗan nan, barci kake ko rasuwa ka yi?"

"Ina dubawa ne, Inna."

"Duba da kyau. Kana da iyali?"

"Ana dai nema."

"Allah ya sa ba 'yar mutane za ka kai ta ci baƙin mai ba."

Nomau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya tuna Zuliha ranar da ta bi mai kifi da gudu har bakin titi don ta mayar masa da canjin da ya yi kuskure. Ya ja tsaki, ya miƙa hannu ya ɗauki sifana. Ja huɗu, ja biyar, noti biyu suka zauna daram.

Ya fito yana karkaɗe wando, bai yarda ya kalli bencin ba.

"Inna, ɗaure kuɗinki. Kirimayarki za ta kai ki Makka ta dawo. Noti ne ya saki."

Tsohuwa ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Kai dai wawa ne. Kuɗi na zaune a bencinka kana korarsu? Da wannan wayon za ka ciyar da mace?"

"Jikka ɗaya, kuɗin aiki."

"Jikka ɗaya! Don noti biyu? Ɓarawo!"

Matar da ba ta ce uffan kan jikka ɗari da hamsin ba, sai da ta yi kwatar awa tana ja-in-ja kan jikka ɗaya. A dala ɗari aka tsaya, wato rabin jikka, ta ƙara masa da rabin goro. Ta tada mota, ta fita sak kamar an ja zare. Nomau ya bi ta da kallo, yana ganin kamar Zuliha ce aka tafi da ita a kujerar baya. Ya zauna a bencin ya ci goronsa.

Motar ba ta kama hanyar fita gari ba. Ta sha kwana sau biyu, ta tsaya ƙofar gidan Malam Safiyanu, Malam ya fito ba takalmi ya durƙusa yana yi wa mahaifiyarsa sannu da hanya. Ta laluba ƙarƙashin kujera, ta zaro wata tsohuwar sifana ta miƙa masa.

"Sallami ɗan duwan, ka ba makaniken nan jikanyata, ko nawa ya kawo ka karɓa. Kuma a miƙo mini sabulu, tun da na kwance notunan nan a bakin gari baƙin mai ya ƙi fita daga yatsuna."