Daƙuwa a Gaban Kawu

"Allah ya ƙara girma, Kawu," in ji Marwan. Ya durƙusa yana zuba ladabi da baki, hannunsa kuwa na yi wa tsohon daƙuwa. Kowa a Matameye ya san Alhaji Shekara ba ya ganin abin da ya wuce hancinsa, ko da tabarau. Ga shi yau zai damƙa wa Marwan motar hayarsa ta Damagaram.

Marwan ya ƙara da gwalo, ya miƙa hannu.

Alhaji ya mayar da makullin aljihu.

"Sauke yatsun nan, ɗan banza. Ka ɗauka cin rani na je Kano? Aikin ido aka yi mini. Wannan gilashin taga ne. Tun farkon damina nake kallonka."