Tantabarun Inna Kubura

Tun da rana ta fara aiko da igiyoyin iskar nan nata da ba a gani, ba mai sakin tsuntsu sai ya ji sanarwar safe. Iri uku ne: mai gudu, mai rarrafe, da mai kaɗawa. Mai gudu ce ke mantar da tantabara hanyar gida.

Ran Laraba aka ce mai rarrafe ce, Inna Kubura ta buɗe akurki. Cikin tantabaru goma sha biyu, ko ɗaya ba ta dawo ba.

Washegari ta ja takalminta har ofishin duban rana, ta tsaya a kan Malam Lawandi mai karanta sanarwar.

"Kai ka ce mai rarrafe ce?"

"Ni ne, Inna. Da rarrafe ta taso. A hanya suke cakuɗewa, wata ta haifi wata."

"To ka ce ba ka sani ba mana! Shekara talatin ina kiwonsu, har da jar nan da marigayi maigidana ya bar mini. Ku kuna ƙarƙashin fanka kuna raɗa wa iska suna!"

"Ki yi haƙuri, wataƙila su dawo."

"Wataƙilar zan zuba wa dawa?"

Ya miƙo mata takardar koke. Nan ta ga tafin hannunsa: ya rubuta sunan unguwarsu da lambar gidansa da biro.

Ta fito tana tsaki. A bakin titi ta duba dama, ta duba hagu, ta daɗe tsaye. Sannan ta koma ciki, ta buɗe tafin hannunta.

"Malam, ara mini biron nan."