Asusun Marigayi

"Ya buɗe!" in ji mai gyaran waya, yana juyo mata da fuskar kwamfutar.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta na fari, shekara huɗu tana fama da asusun kirifto, wato kuɗin intanet, da ya bari a kulle. Ta gwada sunayen 'ya'yansu, ta gwada ranar aurensu, duk a banza. Sai shekaranjiya ta tsinci kalmomin sirrin a bayan wata tsohuwar takardarsa.

Mijinta na yanzu, wanda ya rako ta shagon, ya yi murmushi. "Alhamdulillahi, marayu sun huta."

 Mai gyaran ya goge tabaraunsa, ya sake dubawa.

"Hajiya, wa kuma ya san kalmomin nan?"

"Babu kowa. Shi kaɗai ne, Allah ya jiƙansa."

"To ai asusun nan ba a kwance yake ba. Duk farkon wata ana cirewa kaɗan-kaɗan, kamar mai cefane. Na ƙarshe ma yau da safe ne."

Ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Ta yi takaba, ta karɓi gaisuwa, ta rabar da tufafinsa. Amma ranar da kwalekwalen da ya shiga ya kife, mutum tara ne a ciki, gawa takwas aka tsamo. Tasa ce ba a taɓa gani ba. Ke nan yana raye?

Ta juyo ta kalli mutumin da ya rako ta, yana tsaye kusa da ita, hannunta a kan cikinta na wata bakwai, ta rasa da wane suna za ta kira shi.