Kifin Baƙuwa

Lahsan ya ja ragarsa a bakin rafin da ke gangarowa daga tsoffin ramukan dalma zuwa cikin dam. Nan Dakta Nuzha ta ce a riƙa kamo mata. Ita ba ruwa take aunawa ba, naman kifi take aunawa, wai abin da ruwa ya ɓoye kifi zai faɗa.

Shekara da shekaru tana zuwa daga birni, kifin kuwa bai faɗi komai ba. Kullum sakamako ɗaya: lafiya lau.

Amma yaran ƙauyen ba su girma. Tuda, jikar Lahsan, ta daina magana, ta daina tafiya, aka kai ta maƙabartar kan tudu. Har yau in ya tuƙa jirgi ta ƙarƙashin tudun ba ya ɗaga kai.

"Baba Lahsan," in ji Dakta da safe, "jininku na cewa akwai guba, kifinku na cewa babu. In wannan ma ya fito da kyau, za a rufe binciken. Ba wanda zai sake waiwayarku."

Ranar ya zaɓo mafi muni a cikin ragar, wani mai karkataccen baya da gyambo a gefe. Ya miƙa wa matarsa Itto ta naɗe a ƙanƙara, kamar kullum. Ita ce mai kula da baƙi. Ba ta taɓa barin Dakta ta tafi ba shayi, ba burodi mai zafi, ba man zaitun na guzuri.

Motar Dakta ta tafi da la'asar. Itto ta tsaya tana ɗaga mata hannu, har ta sha kwana.

Da aka kawo abinci, Lahsan ya buɗe kasko. Kifi ne a kan dankali. Bayansa a karkace.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Itto. Me kika ba Dakta?"

"Ci abincinka, tsoho."

"Na ce me kika ba ta?"

"Haba, Lahsan! Mace ta taso tun daga birni, in haɗa ta da wannan ƙazanta, a ce daga gidanmu ya fito? Tun zuwanta na farko, na kiwo nake sayo mata a kasuwa, masu ƙiba. Munanan ai namu ne."