Allurar Tagwaye

Da amalanke aka kawo wata mata asibiti a Tibiri, jiki sharkaf da gumi, ido a kafe. Tsohuwar uwarta na riƙe da ƙafarta tana kiran sunanta, ba amsa.

Likita ya soki yatsarta, ya duba na'ura, ya ɗaure fuska. "Sukarinta ya faɗi ƙasa warwas. Inna, wa ya yi mata allura?"

Ai tsohuwa ba ta manta ba, baiwar Allah. Watan jiya ta kawo 'ya'yanta su biyu, mace da namiji, ciwon sukari iri ɗaya. Likitan nan ya ce ƙwayoyin halittar da ke yin insulin, sinadarin da ke rage sukari, a jikin macen sun jure wahala, suna aikinsu, na namijin kuwa sun gaji. Shi allurar insulin kullum, ita kiyaye abinci kawai.

"Inna, hwaɗa mini, lokaci na tahiya!"

"Ɗana, tagwaye ne," ta ce. "Shekara arba'in ban taɓa ba ɗaya abu in hana ɗaya ba. Rabawa nika yi, rabi nashi, rabi nata."

Aka ɗaura ruwan sukari. Can ɗiyar ta motsa, ta buɗe ido, tsohuwa ta shiga hamdala.

Likita bai saki fuska ba. "To shi da ya yi wata guda da rabin allura, yana ina?"

"Shina gida. Barci shika yi tun jiya, ban so in tashe shi ba."

"Wannan ba barci ba ne, suma ce!" Likita ya ruga ƙofa yana ƙwala wa mai amalanke kira.