Tarwaɗa a Kan Kwalta

Ranar da Gajere ya sa wa a-kori-kurarsa sababbin tayoyi, murna ta hana shi cin abincin rana. Sana'arsa jan kaya ce. Yakan ɗaura tirela a bayan motar ya ja tankin ruwa, ko injin niƙa, ko motar da ta mace a hanya. Amma ya daɗe yana mafarkin wasu tayoyi da ya gani a kalandar shagon aski, masu kai wa mutum ƙugu, masu zane kamar bayan kada.

Da ya baro wurin mai taya, motar ta yi tsawo har yana hango shanyar mutane ta kan katanga. Ya zaga unguwa yana danna hon, sannan ya tsaya a garejin bakanikensa, wanda abokin wasansa ne.

"Gajere, yau kai ne a sama? Wa ya ɗora ka?"

"Hassada ce ke cin ka, Injiniya. Dubi ƙafafu. Yanzu ko gida aka ɗaura mini sai na ja shi."

Bakaniken ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. "Ka taɓa wannan?"

"In taɓa ta a kan me?"

"Haƙoran da ke cikinta su ke kai ƙarfin inji zuwa taya, kuma daidai da ƙaramar taya aka yanka su. Babbar taya, juyi ɗaya sai ta ci ƙasa mai yawa, injin kuwa ƙarfinsa na jiya ne. A fili ba kaya za ka ji daɗinta. Da kaya a hawa, kulocinka zai dahu, birki ma ya sha wuya. Ko ka bar ta in nemo haƙoran da suka dace, ko ka mayar da tsofaffin tayoyinka."

Gajere ya yi dariya. "Da sababbin takalma za ta kwanta a gareji? Bari gari ya gama kallonta tukuna."

Ba a daɗe ba yayarsa ta aiko ya zo maza. Tun rasuwar mijinta kiwon tarwaɗa take yi, da shi take ciyar da 'ya'yanta. Tafkin simintinta ya tsage, ruwa yana zurarewa, kifayen kuma sun kusa isa sayarwa. Wani mutumin kirki ya ara mata nasa tafkin, amma a bayan tudu yake.

"Auta, duk abin da na mallaka ke nan. Motar taka za ta iya?"

"Yaya, ki dai samu wanda zai ɗaga ki ki hau."

Aka cika tanki da ruwa a kan tirela, maƙwabta suka yi ta kwaso kifi da kwanduna suna juyewa. Tankin ya ɗauki motsi da fantsama kamar ana biki a ciki. Aka sa wa Yaya turmi ta taka ta shiga gaba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta yi ta sheƙa gudu. Wani abin mamaki, babbar taya tana ruɗar allurar da ke nuna gudun mota, sai ta nuna ƙasa da abin da ake yi. Gajere ya nuna ta da yatsa. "Kin gani? Ko fara gudu ba mu yi ba, ga bishiyoyi suna wucewa."

Suka iso gindin tudu. Motar ta fara nishi, ya sauko da giya. Ta ƙara nishi, ya sake saukowa, har ya kai giya ta ɗaya, babu sauran inda zai sauka.

Yaya ta toshe hanci da mayafi. "Wa ke ƙona roba a nan?"

Injin yana ruri, tayoyin sun daina tafiya. Kuloci ya ƙone. Sai motar ta soma komawa da baya. Ya taka birki da dukkan ƙarfinsa, ruwan tankin ya yi baya gaba ɗaya ya fizge su. Tirelar ta karkace, ta faɗa kwalbati, tankin ya dare gida biyu.

Mai karatu, wanda bai ga wannan ba, ba zai yarda ba. Tarwaɗa suka bazu a kan kwalta suna jan ƙirji, da gashin bakinsu, kamar dattawan da suka makara zuwa taro. Masu shaguna suka fito da bokitai, wani da hula, wani ya tuɓe riga ya yi jaka da ita. Ana zamewa, ana dariya, ana kamawa. Amma rana ta take, kwaltar kamar kasko, kuma babu ruwa kusa. Abin da aka ceto da rai bai cika baho ɗaya ba.

Gajere ya sauko da karyayyen hannu, domin fizgar tirelar ta maka shi da ƙofar mota. Ya tarar da yayarsa zaune a bakin hanya, ta naɗe wani ƙaton kifi a mayafinta tana ɗiga masa ragowar ruwan gorarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba.

"Auta, me zan gaya wa yara?"

Yau tana wanke kifin wasu a kasuwa. Shi kuma, ko da hannun ya warke, babu mai sake ba shi amanar kaya.

Jama'a, motar jan kaya ba ta ado ba ce. Kada ka ƙara girman taya sai ka daidaita haƙoran aksil da ita, kuma ka ji maganar wanda ya san cikin mota, domin abin da ke bayanka abincin wani ne.